Wanda Ya Kulle Muryar Mama Hafsatu

Da hantsin Laraba aka gano an kulle muryar Mama Hafsatu, kuma kafin a kira azahar duk layin 'yan atamfa na babbar kasuwar Garwa ya gama yanke hukunci. Gaëlle ce. In ba 'yar dutse ba, 'yar ƙabilun nan na kan tsauni da ba Musulmi ba, wa zai yi wa mamaciya haka?

Ni sunana Adoum. Ubana bin sawun shanun sata ya yi har ya koma ga Allah, daga bakin kogin Faro zuwa iyakar Najeriya, kuma na bi shi daji tun ban kai tsawon sandarsa ba. Yanzu gyaran kwamfuta nake yi a wata 'yar rumfa a Yelwa, amma sunan bai sake ni ba. In abu ya ɓata cikin na'ura sai a ce a kira mai bin sawu. Ban taɓa musawa ba, don aikin ɗaya ne, babu mai wucewa bai bar alama ba.

Ilyasu, autan marigayiya, shi ya zo ya ɗauke ni a babur, a hanya yake ba ni labari da ihu saboda iska. Kafin tsohuwa ta rasu ta kira Gaëlle, sakatariyar kantinsu, ta sa ta ɗauki muryarta a waya, daga ita sai ita. Ta bar wasiyya kada kowa ya ji sai ranar sadakar arba'in, a sa wa 'ya'yanta su uku su ji tare. Wayar Gaëlle ta cika, sai ta mayar da muryar cikin kwamfutar kanti ta goge ta waya. Jibi Juma'a ce sadakar. Yau yayarsa Hajiya Fati ta ce a kwafo muryar a kai gida, na'ura ta ce ba ta san zancen ba.

* * *

Na tarar da bakin kantin cike da mutanen da ba a gayyata ba. Masu kantunan makwabta, masu turin kaya, har da mai tallan rake da ya ajiye tirensa don kada a yi ba shi. Kowa da bakinsa.

"Ai dama an faɗa musu. Ka ɗauko 'yar dutse ka ba ta makulli?"

"Sayarwa za ta yi wa gidan rediyo."

"Wane rediyo! Asiri ake yi da muryar mamaci."

Raina ya ɓaci tun daga nan. Rabin masu maganar nan Gaëlle ce ke rubuta musu takardun faransanci kyauta in 'yan haraji suka matsa musu.

A ciki Alhaji Sharif, babban ɗan marigayiya, yana zaune a kujerarsa tsakanin ɗaurin atamfofi, babbar riga fara ƙal, da doguwar hular nan tasa da kowa ya san shi da ita. Tun da na zo Garwa ban taɓa ganin kansa ba hula ba, ko a zafin bazara da kwalta ke narkewa. Gaëlle tana tsaye a bayan teburinta, ta harɗe hannuwa, idonta ya yi ja amma babu hawaye.

"Malam Adoum, jam na?" in ji Alhaji, yana gaishe ni da Fulatanci. "Ba wani dogon aiki ba ne. Yarinyar nan ta kulle mana muryar uwarmu. Na ba ta zuwa gobe da la'asar. In ba ta buɗe ba, jandarma za su buɗe bakinta."

"Patron, na rantse maka ban taɓa ba," in ji ta, don haka ake kiran maigida a kantin.

"Da me za ki rantse?"

Na zauna gaban na'urar. Na danna muryar, ta fito da saƙon da kowane mai kwamfuta ya tsana, wai an hana shiga, ba ka da izini. Abin ba wani sihiri ba ne. Kowane fayil kamar ɗaki yake, yana da mai shi, kuma na'ura ta san wa aka yarda ya shiga, wa aka hana. Kwamfutar kantin tana da sunaye, kowa da nasa yake shiga. Na duba: Gaëlle an hana, Ilyasu an hana, babban suna na Patron ma an hana. Sai na duba mai ɗakin.

"Wace ce Mama a cikin na'urar nan?"

Ilyasu ya leƙo ta kafaɗata. "Ni na buɗe wa tsohuwa suna, shekarun baya, don ta riƙa ganin jikokinta na Domayo in sun kira. Ba wanda ya ƙara taɓa shi. Ko kalmar sirri ba shi da ita."

"Yanzu yana da ita. Kuma an mallaka masa muryar, shi kaɗai zai iya buɗewa."

Wata mata a bakin ƙofa ta yi salati da ƙarfi. Nan take labari ya juya, wai marigayiya ce ta dawo ta kulle abinta don an ɓata mata rai. Ni kuwa ƙyama ce ta kama ni. Wani mai rai ne ya zauna a kujerar nan, ya sa sunan matar da ko kabarinta bai gama kwantawa ba, ya yi aikinsa a ciki kamar mai satar zanen gawa.

Buɗewar ba wuya gare ta. Da babban sunan Patron zan iya ƙwato mallakar kafin shayi ya huce. Amma in na buɗe a take, za a ce yarinya ta ji tsoro ta raɗa mini, a sallame ta da sunan ɓarauniya har abada. Sai na tsuke fuska na ce aikin babba ne, sai gobe.

* * *

Da Gaëlle na fara, bayan taron ya watse cin abinci.

"Ƙanwata, wa ya san kalmar sirrin Patron? Ba a canja mai fayil sai da ita."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Wa bai sani ba? In yana ciniki, daga can yake ƙwala mini ita. Har mai rake ya haddace."

"Makullin kanti fa?"

"Patron, da Ilyasu, da ni. Hajiya Fati ba ta da shi."

"Me tsohuwa ta faɗa a ciki?"

"Na yi mata alkawari, Malam Adoum."

"Ko da za a rufe ki?"

"Sai su rufe. Ita ba ta taɓa ce mini 'yar dutse ba."

Ta zauna za ta ci gaba da aiki, don ko a ranar da ake shirin kai ta jandarma akwai takardun kaya da ke jira. Ta jawo abin sauraron nan mai baka da ake ɗorawa a kai, wanda muke ce wa kas, ta matse bakan da hannu biyu tana tsaki.

"Wannan ma ya ishe ni. Kullum da safe sai na tarar an buɗe shi har ƙarshe, kamar za a sa wa kan bijimi."

Na ji maganar, na bar ta ta wuce. Hankalina yana kan Ilyasu.

* * *

Dalilina kuwa, shi kaɗai a gidan ya san na'ura, shi ya buɗe sunan Mama, kuma kowa ya san sun yi kaca-kaca da tsohuwa kafin ciwonta ya yi tsanani. Na same shi wurin mai gasa kifi a bakin gada, kansa a sake, gashi ya yi tozo irin na samarin yanzu.

"Kana tsoron ta ambaci faɗanku?"

"Ta ambata mana! Duk unguwar Fulɓere an ji faɗan. Cewa ta yi in bar ƙwallo in yi aure." Ya cire ƙaya daga bakinsa. "Malam Adoum, da ni ne, me zai kai ni wannan kwana-kwana? Gogewa zan yi, a ce na'ura ta lalace. Wa zai sani?"

Maganarsa ta zauna mini. Baƙo gogewa zai yi. Mai neman sayarwa kwafewa zai yi ya bar abin a buɗe, kada a lura. Wanda ya kulle bai goge ba, hannunsa ne ya kasa. Ka goge muryar uwarka ta ƙarshe da yatsanka? Ko ɗan iska sai ya yi tunani.

"Wa ya koya wa mutanen kanti hana shiga fayil?"

"Parfait mai gyaran injin buga takarda. Kai, ai kuwa ya zo bayan rasuwar!"

Na ɓata sauran yinin ina neman Parfait. Na same shi a Rumde Ajiya, hannunsa baƙi ƙirin da tawada, kuma tun kafin in buɗe baki ya fara rantsuwa da faransanci. An riga an gaya masa wai shi ne saurayin Gaëlle da suka haɗa baki. Mutumin yana da mata da 'ya'ya huɗu.

"Mon frère, ɗan'uwana, ni abin da na sani, Patron ya ce masu ɗaukar kaya suna leƙa hotunan iyalinsa, in nuna yadda ake hanawa. Na nuna. Kowa yana tsaye, shi da ƙanensa da yarinyar. Tun kafin tsohuwa ta kwanta ma aka yi wannan. Zuwana na baya, takarda ce ta maƙale."

Na koma gida da ƙurar banza a ƙafa. Su uku suna da makulli, su uku sun san kalmar sirri, su uku sun ga yadda ake yi.

* * *

Alhamis da safe na biya gidan rasuwa. Ana ta surfen gero da gyaran tukwane saboda sadakar gobe. Hajiya Fati ta fito tsakar gida da ɗaurin ɗankwalinta mai fuka-fukai, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma.

"Hajiya, kina zargin yarinyar?"

Ta juya zobenta. "Ita ta riƙa yi wa Mama wanka da na kasa. Wani lokaci in ji su suna hira ƙasa-ƙasa da wani yare, in na shigo su yi shiru. Na ɗauka Mama ta tsinci yaren ne a kasuwa. Amma Yaya Sharif ya ce ita ce, kuma shi ne babba."

"Shi ne babba," na ce, na yi sallama.

A kanti na ce kowa ya ba ni wuri. Na shiga da sunan Patron, na buɗe inda na'ura ke ajiye tarihin shiga da fita. Ga sawun nan a fili. Tun mako na biyu da rasuwa ake shiga da sunan Mama, ba sau ɗaya ba, kusan kowace safiya bayan asuba, kafin kasuwa ta buɗe. A shiga, a buɗe muryar, a daɗe, a fita. Ko yau an shiga.

Wato ba kullewa kawai aka yi aka tafi ba. Wani yana zuwa kullum ya zauna ya saurara. Kwamfutar ba ta da lasifika, to da me yake ji? Idona ya faɗa kan kas ɗin da ke rataye a jikin allon. Gaëlle ba ta taɓa shi ba tukuna yau. An zare bakan har ƙarshe. Na ɗora shi a kaina, ya sulluɓo har wuyana.

Ubana yakan ce sawun ƙafa yana ƙarya, don ɓarawo kan sa takalmi a juye, amma abin da mutum ya saba yi bai san yana yi ba, wannan ba ya ƙarya. Na cire kas ɗin na ajiye.

* * *

Da la'asar na tara su: Alhaji Sharif, Hajiya Fati, Ilyasu, Gaëlle, har da Parfait da ya ce sai ya zo ya wanke kansa. Na zo da 'yar lasifika a aljihu. Alhaji ya ce a ja ƙofa.

"A bar ta, Alhaji. A bainar jama'a aka kira ta ɓarauniya."

Jama'a kuwa ba su ba ni kunya ba, sun cika bakin ƙofa fiye da jiya.

Na faɗa musu abin da na gani, cewa wani yana zuwa kowace safiya ya saurari muryar da wannan kas ɗin, kuma ga yadda yake barinsa. Na miƙa wa Gaëlle. Ta ɗora, ya faɗo mata a wuya. Na miƙa wa Ilyasu, duk da tozon gashinsa kunnuwan suka sauka a haɓarsa. Parfait ya gwada, mutane suka yi dariya.

"To ai ɗankwalin Hajiya ma babba ne," in ji wani daga waje.

"Ni da ko makulli ba ni da shi?" in ji Hajiya Fati. "Kuma in ɗora wannan a kan ɗaurina?"

Na juya na miƙa wa Alhaji da hannu biyu. "Saura kai, ranka ya daɗe."

"Kai, Adoum! Ni za ka mayar abin wasa a kantina? Gyara aka kira ka ko rashin kunya?"

"Gwadawa ce kawai. Kowa ya gwada."

"Yaya, sa mana," in ji Ilyasu, muryarsa ta canja.

Alhaji ya fizge kas ɗin cikin borin kunya. Da ya tsaya ya yi tunani, da ya cire hular. Amma hannu ya riga ya saba, kuma babban mutum ba ya tuɓe hula gaban jama'a. Ya ɗaga shi sama, ya haye da shi kan doguwar hular, ya sauke. Kunnuwan suka zauna daram a kan nasa, kamar don shi aka ƙera.



"Ko ka rubuta kalmar da ka sa wa sunan Mama," na ce, "ko in fasa da kaina. Duk ɗaya ne a wurina."

"Wasiyya ta ce sai gobe," in ji shi.

Hajiya Fati ta miƙe tsaye. "Wasiyyar da ka karya tun tuni? Kai ka ji, mu ma za mu ji. Buɗe, Yaya."

Ya rubuta da yatsa ɗaya. Na haɗa lasifikar.

Muryar tsohuwa ta fito a hankali, da tari a tsakani. Ta yi sallama, ta sa wa 'ya'yanta albarka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce: "Abin da zan faɗa, ubanku ya sani. Ni ba 'yar Kano ba ce. A kan dutse aka haife ni, can bayan Poli, kuma sunan da aka raɗa mini Madeleine. Na musulunta da son raina, ban yi nadama ba. Abin da na yi nadama shi ne ɓoye dangina don kada dangin ubanku su raina ku. Ina da ƙane, Norbert, yana raye. Ku je ku gaishe shi, kawunku ne, ku ce masa yayarsa ba ta manta shi ba." Ta yi tari. "Sharif, kai nake ji. Na san halinka da son girma. In ka riga 'yan'uwanka ji, kada ka ɓoye. Kuma ku riƙe Gaëlle da kyau, 'yar ƙauyenmu ce, ita ta dawo mini da harshen uwata."

Wannan maganar mutumin nan yake zuwa ya ji kowace safiya, bayan ya idar da salla. Ya ji uwarsa ta kira sunansa ta ce kada ya ɓoye, ya ji ta ce a riƙe yarinya, sannan ya matso hawayensa, ya kulle, ya fito ya nuna yarinyar da yatsa. Na bi sawun ɓarayin shanu da yawa, ban taɓa jin ƙyamar ɗaya cikinsu kamar haka ba. Su ko ba komai shanun wani suke sata.

"Me za a ce a kasuwa?" in ji Alhaji, yana kallon ƙasa. "Gidanmu da aka sani tun kakanni... Na ɗauka in an kore ta, ko ta faɗa ba mai yarda."

"Ashe mu ma 'yan dutse ne," in ji Ilyasu, ya juya yana kallon na bakin ƙofa. "Wa ya ce jiya kada a ba 'yar dutse makulli? Ga nawa, ya zo ya karɓa."

Mai rake ya ɗauki tirensa, saura suka fara sulalewa ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da kanti.

Hajiya Fati ta kama hannun Gaëlle tana kuka. "Ki yafe mana, 'yar'uwa. Useni, don Allah, ki yafe. Aikinki yana nan, ba mai ƙara ɗaga miki murya."

Gaëlle ta zare hannunta a hankali. Ta ciro makulli daga jaka ta ajiye gaban Alhaji.

"Hajiya, in kina son zuwa wurin Norbert, ki zo tasha ranar Asabar, zan raka ki. Wannan na Mama ne, zan cika mata." Ta juyo wurina. "Malam Adoum, aiki ɗaya ya rage maka."

"Faɗi, ƙanwata."

"Ka cire sunana daga na'urar nan. Na ga abin da ake yi da sunan mutum a gidan nan in ya ba da baya."

Na mayar wa muryar izini, na buɗe ta ga duk mai son ji. Sannan na nemo sunan Gaëlle na danna gogewa. Na'urar ta tambaya ko na tabbata. Na dubi Alhaji ko zai ce wani abu, ko da kalma ɗaya ta ban haƙuri. Yana zaune da kas ɗin har yanzu a kan hularsa, bai ɗago ba.

Gaëlle ta miƙo hannu ta kafaɗata ta danna da kanta.